Strymon Flint: amsa-kuwwa kafin tiremolo, ko bayansa?

Flint feda ce ta jita, wato ƙaramar na'urar sauya sauti da ake takawa da ƙafa, da kamfanin Strymon ya fitar a 2012, ya sabunta ta a 2022. Tana da tiremolo (hawa da saukar ƙarfin sauti a kai a kai) iri uku da amsa-kuwwa iri uku, kowanne da sunan shekarar da yake kwaikwayo, amma abin da ya fi ba ta daraja shi ne tana ba ka damar zaɓen wanda zai riga wani shiga layin sauti.

A amfilifayoyin Fender na shekarun 1960 ba a zaɓa. A samfuran Deluxe Reverb da Twin Reverb masu da'irar lantarki ta AB763, sautin jita yakan bi ta tankin sifirin mai samar da amsa-kuwwa, a haɗe shi da busasshen sauti, wato na asali, sannan ya iso wurin tiremolo, inda wata 'yar fitilar niyon ke ƙyaftawa gaban na'ura mai jin haske, ƙarfin sauti yana hawa yana sauka. Princeton Reverb kuwa bawul biyu na 6V6, kwalaben ƙara ƙarfin sauti da ke ƙarshen layi, tiremolo ke girgizawa. Ko ta wace hanya, wutsiyar amsa-kuwwa tana shiga cikin bugun. Ka kaɗa tsirkiya ka danne ta da tafin hannu: jitar ta yi shiru, amma ragowar sautin na ci gaba da numfashi, yana ɓacewa yana dawowa. Flint ta kama wannan sosai idan aka haɗa sifirin na '60s da tiremolon '65, mai kaifin yanka. Na '63 ya fi laushi, ya fi dacewa da kiɗa mai tafiyar hawainiya.

Idan aka juya, tiremolo ya riga, amsa-kuwwa ce ke cike gurbin da ke tsakanin bugu da bugu. Sauti ya yi faɗi, wutsiya ta miƙe sumul, amma bugun ya dushe. Masu ƙorafin cewa tiremolonsu ba ya fitowa, galibi nan matsalar take: Decay (tsawon wutsiya) ya yi tsawo, Mix (yawan amsa-kuwwa) ya wuce ƙarfe 12 idan aka kalli maɓallin kamar fuskar agogo, sai su yi ta ƙara Intensity (zurfin tiremolo) a banza. Maganin shi ne a dawo da Mix wajen ƙarfe 10, a gajarta Decay, ko a mayar da amsa-kuwwa kafin tiremolo. Jerin da tiremolo ke riga ya fi kyau da amsa-kuwwar '70s da ta '80s, musamman ta '80s mai dogon zango, wadda yankan tiremolo ke sa ta yi kaushi a kunne.

Gwajin ba wuya: Speed (saurin tiremolo) kamar bugu 4 zuwa 5 a daƙiƙa, Intensity ƙarfe 2, kaɗa sau ɗaya, danne, saurari wutsiyar kawai. Sannan juya jerin ka maimaita.

Aibinta a fili yake. An ɓoye zaɓin jerin cikin ayyuka na biyu na maɓallan fedar, babu makunni a fuskar fedar da zai nuna inda kake, sai kunnenka. Abu mai wannan tasiri ya cancanci nasa makunnin. Wuta ma a kula: bolt 9 take so, tsakiyar fulogi nagatif, kuma a ba ta miliamf 300. Raba waya ɗaya da wasu fedoji kan jawo mata tsuwa.

Ga mai feda mai kwaikwayon amfilifaya irin Iridium, wadda ba ta da sifirin ko tiremolo, wurin ajiye Flint shi ma hukunci ne. A bayan Iridium sauti ya fi tsabta, sitiriyo ya buɗe. A gabanta ka koma salon tankin Fender 6G15 da ake jonawa kafin amfilifaya: gurnanin amfilifayar zai matse wutsiyar ya ɗago ta, ya kuma rage zurfin tiremolo, don haka sai a sauke Mix zuwa ƙarfe 9 a ɗan ƙara Intensity.