Jabal Nur ko Jabal Saur: wanne za ki hau?

Hajiya, na ga tambayarki ta jiya, cewa za ku tafi Umara ke da Mama, safiya ɗaya tak kuka ware wa ziyara, kina so ki san wanne ya fi dacewa a hau tsakanin dutsen Kogon Hira da na Kogon Saur. Na hau duka biyun. Na Hira ma sau biyu na hau shi, kafin gyara da bayan gyara, don haka bari in faɗa miki abin da ƙafata ta sha.

Da farko ki cire Dutsen Dala daga ranki. Dala kafin ki gama haki kin isa sama. Waɗannan biyun kuwa sai an ɗaura ɗamara. Jabal Nur, wanda Kogon Hira yake kansa, yana arewa maso gabashin Harami, tsayinsa wajen mita 640 daga saman teku. Jabal Saur yana kudu, ya ɗara shi tsawo da kusan mita ɗari, hanyarsa kuma ta fi nisa sosai. Gidaje sun zagaye gindin kowannensu, kina hawa kina jiyo ƙahon motoci daga ƙasa.

Zuwana na farko Jabal Nur, mota ta sauke mu a cikin unguwa, muka bi wani titi mai gangare tsakanin shagunan tasbaha da ruwan gora, kafin mu kai matakala ta farko gwiwa ta fara ƙara. Matakalar kanta ba daidai take ba: wata gajera, wata sai kin dafa gwiwa kin ɗaga ƙafa. Nan da can za ki tarar da wani zaune da ɗan bokitin siminti yana lallaɓa tsani ɗaya, yana jiran sadaka.

Da na koma bayan an buɗe unguwar al'adu ta Hira a 2023, sai na kasa gane gindin dutsen. An yi filin ajiye motoci, da banɗakuna, da wuraren shan shayi da cin abinci, da zauren baje kolin tarihin saukar wahayi, daga baya aka ƙara gidan tarihi na Alƙur'ani. Abin da ya fi burge ni shi ne hanyar. An shimfiɗa ta da faɗi, tana lanƙwasa a jikin dutsen maimakon ta miƙe tsaye, ga fitilu, ga alluna masu nuna inda aka dosa, ga wurin zama a huta. Na ga wata dattijuwa 'yar Indonesiya da sandarta tana takawa a hankali, ba mai ture ta, ba ta tsoron santsi. A tsohuwar hanya da tuni an riƙe ta hannu biyu.

Sai dai kada a ruɗe ki da hotunan da ake yaɗawa. Gyaran ya sauƙaƙa ƙasa ne da tsakiya. Can sama dutse yana nan a dutsensa. Idan kin kai ƙololuwa, kogon ba a nan yake ba, sai kin ɗan gangara ta ɗaya gefen, ki ratsa wani matsattsen lungu tsakanin manyan duwatsu inda mutum ɗaya ke wucewa a karkace. Kogon kansa bai kai mita 4 a tsawo ba, faɗinsa kamar mita ɗaya da rabi. A nan ne cunkoso yake, kowa yana so ya shiga, babu mai son fitowa. Na yi minti ashirin a tsaye wata jaka na tokarina a haƙarƙari, amma da na leƙa na tuna a wannan ɗan wuri ayoyi biyar na farkon Suratul Alaƙ suka sauka a watan Ramadan, sai na manta da jakar. Mai matsakaicin ƙarfi ya ware wajen awa ɗaya na hawa.

Saur wani abu ne daban. Ki ninka wancan lokacin, ko kusa da haka. Akwai matakala da rumfunan masu shayi a hanya, amma yaudararsa ita ce sai ki hango tudu ki ce an iso, kina kaiwa sai wani ya bayyana a bayansa. Sau uku ya yi mini haka. Jama'a ba su kai na Hira yawa ba, kuma ni wannan ne na fi so a gare shi: akwai inda za ki zauna ba ki jin komai sai iska. A nan mutum yake gane nauyin abin da aka karanta mana tun muna Islamiyya. Manzon Allah (SAW) da Sayyidina Abubakar sun kwana uku a kogon nan lokacin Hijira, a shekarar 622, alhali Madina tana arewa, su kuma suka yi kudu don a ɓatar da masu bin sawu. Abdullahi ɗan Abubakar yana kawo labarin gari da dare, Amiru ɗan Fuhaira yana koro tumaki. Ki hau cikin hasken rana da takalmi mai kyau da gorar ruwa, sannan ki auna yadda aka yi ta zirga-zirgar nan cikin duhu. Bakin kogon ƙasa-ƙasa yake, sai an durƙusa ake shiga.

Birai kuwa duka biyun akwai su, kuma ba su da kunya. Leda suke hari. A gabana wani ya fizge ta wani bawan Allah, ya koma kan dutse ya ɓare biskit yana kallonsa. Ki sa komai a jakar goyo ki zuge.

Shawarata, tunda safiya ɗaya ce kuma da Mama, ku tafi Jabal Nur. Ita ta zauna a ƙasa, ta shiga zauren baje kolin cikin sanyi, ta sha shayinta tana kallon dutsen, ke ki hau. Hawan nan ba ya cikin ayyukan Umara ko na Hajji, malamai sun sha faɗa, don haka kada ta ƙona ƙarfin da za ta yi ɗawafi da sa'ayi da shi. Ku fita da an idar da Asuba, domin zafin Makka a lokacin bazara yana haura digiri 40, dutsen kuma ba inuwa. Kada ki sa silifas. Saukowa ta fi cin gwiwa, a nan mutane suka fi zamewa.

Saur ki bar shi sai tafiyar da kika je ba tare da Mama ba, kuma kada ki sa shi washegarin ranar da kika yi Umara.