Kuɗin Masu Ba da Tallafi: Dashen Itatuwa ko Sassaben Zamani?

Mai kuɗin da ke son ya ceto gonakin Sahel daga hamada yana da hanyoyi biyu. Ta farko ita ce dashe: a kafa wurin renon tsirrai, a raba, a dasa. Masu tallafi sun fi son wannan domin ana iya ƙirga itatuwan a rubuta a rahoto. A taron Paris na Janairun 2021 an yi alkawarin fiye da dala biliyan 14 ga shirin katangar itatuwa ta Afirka. Amma tsiron da aka dasa yana bukatar ban ruwa da shinge, kuma idan kuɗi suka tsaya, rani da awaki kan gama da shi.

Ta biyu ita ce sassaben zamani, wanda aka fara a Maraɗi a 1983, lokacin da Tony Rinaudo, wani masanin aikin gona ɗan Ostiraliya, ya lura cewa kututturan da ake sarewa kowace shekara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. Idan kututture ya yi toho, sai manomi ya bar rassa kaɗan masu ƙarfi, ya sassabe sauran. Gawo ya dawo, yana zubar da ganye da damina, gero ya sami taki, dabbobi su ci 'ya'yansa da rani, mata su sami itacen girki kusa da gida. An kiyasta hekta miliyan 5 sun farfaɗo a Nijar ta wannan hanya.

Ni ina bayan ta biyu. Kuɗinta kaɗan ne, yawanci na horar da manoma da tabbatar musu da mallakar itatuwan gonarsu. Inda ƙasa ta mutu babu saiwa ko ɗaya, nan dashe ya zama dole.