Mazarƙwaila kala huɗu: wadda ta ci kuɗinta da wadda ta ci nawa

Masu sayar da mazarƙwaila sun fito da sabon salo a 'yan shekarun nan. Sai a ce miki "wannan tsohuwa ce, ta shekara a ajiye", a ɗora kuɗi a kai. A wurin masu tallar kayan gyaran jiki a Instagram da WhatsApp abin ya fi ƙamari, har da zuba ta a roba mai murfi a manna takarda mai ruwan zinare. Ni sana'ata nakiya da alkaki da dubulan na gara, saboda haka mazarƙwaila kayan aiki ce a wurina, kuma in ta ɓaci sunana ne ke ɓaci a gidan biki. Shi ya sa da sanyin bana na haɗa kala huɗu na gwada su gefe da gefe.

Biyu daga kasuwar Rimi ta Kano na sayo su. Ɗaya baƙa-baƙa ce, launin makuba, mai ita ya ce daga wajen Maƙarfi aka kawo ta, sabuwar dahuwa. Ɗayar kuma fara-fara ce, ta yi ruwan ɗorawa, ita ce mutane suka fi rububi saboda kyan ido. Ta uku ita ce "tsohuwar", na yi odarta ta waya aka aiko min da ɗan sahu. Ta huɗu ba curi ba ce, gari ce mai danshi a kwali, an rubuta muscovado a jiki, ƙanwata ta taho min da ita daga Ingila, amma a tsibirin Morishus aka yi ta. Duk abu ɗaya ne a asali: ruwan rake da aka dafa ba tare da an raba shi da baƙin ruwansa ba. Indiyawa na yin nasu, su ne ma kan gaba a duniya, mutanen Kolambiya na bi musu.

Baƙar ta Maƙarfi ita na fara gutsura. Ba ta karyewa da hannu sai an sa bayan wuƙa, kuma in ta karye cikinta garas-garas yake, ana ganin ƙananan ƙwayoyi suna ƙyalli. Zaƙin ba ya dukan harshe lokaci guda. Gardi ne ke fara zuwa, sai ƙanshin hayaƙi kaɗan, sai wani ɗan gishiri-gishiri can a ƙarshe wanda ke hana ta gundurar mutum. Hayaƙin nan yana da dalili. Masu yin ta da busasshen ragowar raken da aka matse suke hura wuta a ƙarƙashin manyan kasake, a buɗe a gona, ruwan yana tafasa ana kwashe kumfa har ya yi kauri, sannan a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Siffar gindin kwanon ce ake gani a jikin kowane curi. A da doki ne ke zagayawa yana juya injin matsa a ƙauyukan ƙasar Zazzau, yanzu injin mai ya karɓe yawancin aikin.

Na tambayi dattijon da ya sayar min yadda yake gane mai kyau. Ya ɗauki biyu ya gwara su.

"Hajiya, saurari ƙarar. In ta ce ƙwas, ta dahu. In ta yi shiru, da sauran ruwa a cikinta, kafin Sallah za ta yi miki naso."

"To Baba, fara fa?"

"Fara ta masu ido ce. Ke da za ki yi nakiya, ɗauki baƙa."

Gaskiyarsa. Farar tana da zaƙi tsantsa, amma daga zaƙin babu wani abu a bayansa. Na jefa ta a shayi ban ji bambancinta da sukarin kwali ba sai ɗan launi. Haskenta kan iya zuwa daga irin raken, ko daga kwashe kumfa da kyau da sauke ta da wuri. A Indiya an san wasu masu dafawa na zuba sinadarin hasken launi don ta yi ruwan zinare, har masu saye da yawa can suka koma neman baƙa da gangan. Wannan da na saya ba ta da wani wari ko maƙaƙi, ba na zarginta da komai, rashin gardi ne kawai laifinta. Ga mai son kunun gyaɗarsa ya tsaya fari tas, ita ce daidai.

Sai "tsohuwar", wadda kuɗin robarta ɗaya zai saya min baƙar kasuwa ninki uku. Da na buɗe murfin, wani ɗan tsami-tsami ne ya fara bugo ni. Curin ya yi laushi, yana manne wa yatsa, a gindin robar kuma ruwa ya taru baƙi mai danƙo. A gefen guda ɗaya har fumfuna ta soma fitowa fari-fari. Na rubuta wa mai ita, ta ce ai alamar tsufa ke nan, haka ake so. Ban ja da ita ba, ban kuma sake oda ba.

Abin da ya faru da ita ba ɓoyayye ba ne. Mazarƙwaila tana jan danshin iska. In ta ratsa daminar Kano, musamman watan Agusta, ba tare da an rufe ta ruf ba, sai ta sha ruwa, sukarin cikinta ya fara narkewa yana rikiɗa, daga nan ƙwayoyin da ke sa abu ya yi tsami su samu wurin zama. Ajiya tana ƙara mata duhu, wannan gaskiya ne, kuma masu maganin gargajiya na Indiya suna girmama wadda ta shekara. Amma tasu a busasshen wuri ake adana ta da kulawa. Wadda aka manta a lungun shago ta sha damina, ragowar kaya ce aka yi wa sabon suna.

Ina jin wannan ɗabi'a ta sayar da shekaru daga masu giya aka aro ta. A tsibiran Karebiyan irin su Jamaika da Barbados, baƙin ruwan da ke saura bayan an cire farin sukari shi suke tsimawa su tace ya zama barasar da ake kira rum, su ɗura a gangunan katako shekara 12, 15, har 21, a rubuta adadin a kwalba, kuɗi ya hau. Akwai kamfani a Barbados, Mount Gay, da ke lissafa tarihinsa tun daga 1703. Mu nan wannan ba hurumimmu ba ne, addini ya haramta, Hisbah kuma na fasa kwalabe a bainar jama'a. Na kawo zancen ne don a ga inda lissafin ya sha bamban: can katakon gangar ne ke ba abin launi da ƙanshi a hankali, wani kaso kuma yana tsirarewa ta jikin katakon duk shekara saboda zafi, abin da ya rage ya yi tsada. Curin mazarƙwaila a roba ba shi da gangar da zai tsotsa, ruwan iska kawai yake sha.

Ta kwalin Ingila kuwa, dole in ba ta haƙƙinta. Laushi gare ta kamar jiƙaƙƙen yashi, ƙanshinta mai ƙarfi, akwai ɗan ɗaci mai daɗi da ya so ya yi kama da na dabino da ya bushe sosai. Kuma tsaf take. A nan ne ta kayar da tamu.

Gwajin da na yi mai sauƙi ne, kowa zai iya. Na narka cokali biyu na kowace a kofin gilashi da ruwan ɗumi, na bar su suka kwanta, na ɗaga su a hasken taga. Kofin ta waje babu komai a ƙasa. Farar ta Rimi ɗan ƙura-ƙura. Baƙar da nake yabo kuwa, sai ga layin yashi siriri a gindin kofi, da ɓurɓushin ɓawon rake yana yawo a sama, har da wani baƙin abu da na tabbata toka ce. Ba abin mamaki ba ne ga abin da aka dafa a fili lokacin hunturu, iska na kwaso ƙura, ba a kuma tace ruwan da ƙyalle mai kyau ba kafin a ɗora. Amma duk wadda ta taɓa tauna yashi a nakiyar amarya ta san ba a yafe wannan. Dangin ango ba za su ce mazarƙwaila ce ba, cewa za su yi mai nakiyar ƙazama ce.

Don haka ni ba na daka ta kai tsaye a cikin garin shinkafa. Narka ta nake da ruwa kaɗan a wuta marar ƙarfi, in bar ta ta kwanta, in tsiyaye saman ta cikin farin ƙyalle ninki biyu, in zubar da na ƙasan, sannan in mayar wuta ta yi kauri. Aiki ne, yana cin gas, yana kuma rage auki. Bayan an yi haka, nakiyar da ta fito da baƙar ta fi sauran nesa ba kusa ba. Citta da kanumfari da masoro sun zauna a cikinta daram, man shanu ya bi jikinta, launin ya fito ja-ja mai duhu ba tare da an ƙona shinkafar ba. Ta waje ta yi ƙoƙari, sai dai ƙanshinta ya danne kayan yajin, uwar ɗakina da ta koya min sana'ar ta ɗanɗana ta ce, "Wannan ai kek ne, 'yar nan, ba nakiya ba." A kunun tsamiya ma baƙar ce ta yi nasara, gardinta da tsamin suna tafiya tare. A shayi mai madara ne kaɗai na fi son ta kwalin.

Akwai abin da ke ba ni haushi a harkar nan. Yawancin farin sukarin da ake sauke buhunansa a kasuwar Singa, ɗanyensa daga Burazil ake shigo da shi a tace a Legas, duk da shirin bunƙasa sukari na ƙasa da gwamnati ta amince da shi tun 2012, da gonakin rake irin na Numan a Adamawa. Ga namu raken a Maƙarfi da fadamun Kura, ga masu dafawa da suka gaji sana'ar, abin da ya raba kayansu da na kwalin Ingila bai wuce matata mai kyau da rumfa da leda mai rufewa ba.

Masu ciwon sukari kuma su yi hattara da masu cewa mazarƙwaila ba ta da illa. Tana ɗauke da ɗan sinadarin ƙarfe da wasu ma'adanai da farin sukari ya rasa, amma mafi yawan abin da ke cikinta sukari ne, kuma jini ba ya tambayar launinsa.

Wadda za ta saya, ta saya da sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ake tsakiyar yankan rake, sabuwa na shigowa, farashi na ƙasa. Ta gwara biyu ta ji ƙara, ta sa a karya mata ɗaya ta duba ciki, ta shinshina. In ta ji tsami ko ƙauri ta ajiye. A gida a naɗe kowane curi a leda, a zuba a bokiti mai murfi, a ɗora a kan katako nesa da bango da randa, saboda danshi da kiyashi. Haka na adana ta bara ta kai ni bayan damina ba ta yi naso ba, ta ɗan ƙara duhu kawai, ɗanɗanon kuma bai fi na ranar da na saye ta ba.