Jegona a hannun mata biyar: abin da na samu da abin da ban ji daɗinsa ba

Tun da na yi arba'in ƙawaye ke ta tambayata ko kuɗin da na biya matan nan da suka kula da ni ya yi amfani. Ga amsar a wuri ɗaya, kowa ta karanta in huta. Ba zan faɗi sunan wurin ba, don ba talla aka ba ni ba, kuma akwai inda zan soke su.

Su biyar ne a nan Kano, sun haɗa hannu suna bin masu jego har gida. Akwai ungozoma da ta yi ritaya daga asibitin gwamnati, kowa Sista yake ce mata. Akwai dattijuwa mai wankan jego, ita ce Iya. Sai likitar gashin ƙashi da motsa jiki, da mai tsara abinci, da wata 'yar Maiduguri mai dilka da halawa da turaren wuta. Ni tiyata aka yi mini, mahaifiyata Allah ya yi mata rasuwa, balle a ce na tafi wanka gida, surukata kuma girma ya kama ta, ba ta iya ɗaga tukunyar ruwa. Da haka maigida ya yarda aka kira su.

In don dilka ce ko wanka, ai masu yi sun cika gari, ki buɗe Instagram ki gani. Abin da ya bambanta waɗannan shi ne wani littafi mai kaurin bango da suka ajiye a gefen gadona. Duk wadda ta zo sai ta fara karanta abin da ta gabanta ta rubuta kafin ta taɓa ni: awon jini, yadda ɗinki yake, abin da na ci, ko na yi barci. Iya ba ta karatun boko, sai 'yar aikinta ta karanta mata. Kuma sun yi ƙa'ida tsakaninsu, in Sista ta ce a'a, to a'a ce.

Na ga amfanin wannan tun ranar da aka fara wanka. Iya ta zo da ganyen darbejiya, ta sa an tafasa ruwa har yana tsalle, sai aka karanta mata cewa a surka shi sosai kuma kada a fyaɗa ganye kusa da ɗinki. Ta taɓe baki ta ce, "Oh ni, mu da muka haifi goma da tafasasshen ruwa ga mu nan da ranmu." Amma ta surka. Hannun Iya kuwa sai wanda ya ji, in ta gasa miki baya da kafaɗu sai ki ji kamar an sauke miki buhun gero daga ka.

Rigimar gaske a kan kunun kanwa aka yi ta. Surukata ta rantse babu mai jegon da za ta yi nono ba tare da shi ba. Mai tsara abincin ba ta yi musu da ita a tsaye ba, durƙusawa ta yi ta ce, "Hajiya, kanwa 'yar'uwar gishiri ce, ita kuma 'yarki jininta yana sama." Daga baya ta yi mini bayani cewa tun shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Davidson da Parry, suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da yawan shan kanwa da wanka da ruwa mai tsananin zafi da kwanciya a gadon wuta. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye ya yi a Kano daga baya ya nuna akwai hannun ƙarancin sinadarin seleniyom a jiki, wato ba al'ada kaɗai ba ce. Na so yadda ta faɗa mini duka biyun maimakon ta tsorata ni da ɗaya. Aka koma kunun gyaɗa da na tsamiya, da farfesu, da wake da zogale da hanta saboda jinin da na zubar. Nono kuma ya zo, Hajiya ta ce albarkar addu'arta ce, babu wanda ya yi mata gardama.

Ranar da na tabbatar kuɗina bai tafi a banza ba, bayan suna ne da 'yan kwanaki. Na tashi da ciwon kai mai nauyi, ina ganin walƙiya-walƙiya a ido. Mai turare ce ke da zuwa ranar. Da wata ce da sai ta ce gajiyar suna ce ko iska, ta turara ni ta tafi. Ita kuwa ta buɗe littafi, ta ga Sista ta ja layi da jan biro a ƙarƙashin "ciwon kai", ta kira ta nan take. Sista ta zo ta auna, jini ya haura 160/110, ta ce, "Maman jariri, ɗauki mayafinki, asibiti za mu." A can likita ya ce hawan jini irin mai kawo jijjiga yana iya tasowa har makonni shida bayan haihuwa. Mu da yawa mun ɗauka da an sauka lafiya shi ke nan.

Likitar gashi ba ta fara aiki sosai ba sai da ɗinki ya kama. Ta sa yatsu a saman cibiyata ta nuna mini inda naman ciki ya rabu, ta hana a ɗaure ni tamau da zani, ta koya mini motsa jikin da ke hana fitsari zubowa in an yi atishawa. Wannan matsala ce da mata ke ɓoyewa shekara da shekaru. Cibin yaro ma ba a gasa shi da tsumma ba, maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna kulohekzidin aka riƙa shafawa har ya faɗi.

To, sai inda suka gaza. Babu mai kula da damuwa a cikinsu. Sista tana da takardar tambayoyi goma ta Edinbura da ake gano damuwar bayan haihuwa da ita, amma da Turanci take, tana fassarawa da ka, kuma a gaban surukata ta yi mini su. Wace mace za a tambaya ko tana kuka ba dalili, uwar miji na zaune, ta ce e? Na ce lafiya lau, alhali ba haka ba ne a lokacin. Wannan gyara ne da ba ya cin ko sisi, a ce kowa ya ba su wuri kawai.

Na biyu ya fi ɓata mini rai. Mai dilka ta iya aikinta, fatata ta yi kyau, humrarta kuma babu ƙarya. Amma dab da arba'in sai ta fito da wasu kwalabe na kayan mata, babu suna, babu lambar NAFDAC, wasu na sha wasu na matsi, ta ce in saya a ɓoye. Wannan bai shiga littafi ba. Da na tambayi Sista sai ta haɗe rai, ta ce kada in kuskura ina shayarwa, kuma za su zauna a kan maganar. Ashe ƙa'idar tasu tana da ƙofar baya.

Ga rashin cika lokaci, a ce ƙarfe bakwai a zo tara, kullum laifin ɗan adaidaita. Kuɗin ya kusa albashina na wata guda, kuma gawayi da ruwa da kayan miya duk a kaina, abin da ba a faɗa mini ba tun farko.

Duk da haka in Allah ya sake ba ni, su zan kira, musamman saboda tiyata da hawan jinin nan. Wadda ta haihu da kanta lafiya kuma tana da uwa ko gwaggo a kusa, zuwan Sista kaɗai ya ishe ta. Kafin ki biya kowa, ki nemi ganin lasisin ungozomar daga hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Najeriya, ki sa a rubuta miki abin da kuɗin ya ƙunsa, ki kuma faɗa musu tun ranar farko cewa duk abin da zai shiga bakinki ko jikinki sai an rubuta shi a littafi.