Sayen tikitin ƙasar waje da maki daga Kano: inda ribar take, da inda ake tafka asara

Kusan duk kamfanin jirgin da ke ɗaukar fasinja daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa ƙasar waje yana da tsarin tara maki, wato ladan da ake zuba wa fasinja a asusu bayan kowace tafiya, wanda in ya taru ake sayen tikiti da shi. Ethiopian na da ShebaMiles, Qatar Airways na da Privilege Club, EgyptAir na da EgyptAir Plus, Saudia kuma na da Alfursan. Rajista kyauta ce, ba ta cin minti goma a waya. Amma in ka zagaya Kantin Kwari ko kasuwar waya ta Farm Centre, za ka tarar da alhazan da suka shekara goma suna safarar Guangzhou da Dubai ba su taɓa tara maki ko ɗaya ba. Waɗanda suka tara kuma, da yawa sun bar shi ya mutu a asusu, ko sun kashe shi a inda bai rage musu komai ba.

Hukuncina a kan wannan hidima shi ne tana da amfani sosai ga mai tafiya sau uku ko huɗu a shekara, muddin ya tsaya a kan tsari ɗaya. Wanda sai bayan shekara biyu ko uku yake fita, ya yi rajistar tunda ba biya zai yi ba, amma kada ya sa rai da tikiti.

A fara da tarawar, don nan ake yin asarar farko. Daga Kano zuwa Addis Ababa kusan mil 2,000 ne, daga Addis zuwa Guangzhou kusan mil 5,000. Zuwa da dawowa ya tasam ma mil 14,000 ke nan. Da yake da nisan tafiya ake lissafa maki, mutane na zaton makin da zai shigo musu 14,000 ne cif, sai su buɗe asusu su ga rabi, ko abin da bai kai rabin ba. Dalili kuwa kowane tikiti yana da harafi guda da ke nuna matakin farashinsa, ko da kuwa kujerun duk na ikonomi ne. Wanda ya biya cikakken farashi yana samun makin duka. Tikitin rangwame yana ba da rabi ko kashi ɗaya cikin huɗu, wani ma ba ya ba da komai. Ejan ba zai faɗa maka wannan harafin ba sai ka tambaya, domin shi aikinsa ya samo maka mafi araha. Ba na ba da shawarar a ƙara kuɗi mai yawa don kawai a sami maki. Amma in bambancin mataki biyu bai taka kara ya karya ba, na saman yakan zo da sauƙin canza ranar tafiya, kuma ɗan kasuwar da kayansa ba su gama haɗuwa a can ba ya san darajar wannan.

Kuskure na biyu shi ne rarraba maki. Ethiopian ta shiga ƙawancen Star Alliance a 2011, EgyptAir da Turkish kuma tun 2008 suke ciki. Ma'ana, in ka kai mara lafiya Alƙahira a jirgin EgyptAir, ko ka tashi daga Abuja zuwa Istanbul a Turkish, kana iya ba da lambar ShebaMiles ɗinka makin ya faɗa can. Qatar tana ƙawancen oneworld, Saudia tana SkyTeam, su kam makinsu ba ya haɗuwa da na Ethiopian. Mutumin da ke da 9,000 a nan, 12,000 a can, 7,000 a wani wurin ba shi da abin da zai sayi tikiti ko ɗaya. Da wuri guda ya zuba su, da ya kama hanya. Kuma tafiya ɗaya asusu ɗaya take shiga, ba a raba ta biyu.

Sai maganar suna, wadda ta fi cin mutanenmu. Na'urar kamfanin tana gwada sunan da ke kan tikiti da na asusu harafi bayan harafi. Fasfo na ɗauke da Muhammad, asusu na ɗauke da Mohammed, ko an sa sunan mahaifi a gurbin sunan ƙarshe alhali a fasfo sunan unguwa ko gari ne, to makin ba zai shiga ba, kuma ba wanda zai kira ka ya sanar da kai. Lokacin rajista ka buɗe fasfo a gabanka ka kwafa yadda yake. Ka yi da imel ɗinka da lambar wayarka, ba na yaron shago ko na ejan ba, don duk wanda ke karɓar saƙon tabbatarwa shi ke riƙe da asusun.

In ka dawo ka ga makin bai shigo ba bayan mako biyu, ana iya nemansa. Za a buƙaci lambar tikiti mai alƙaluma 13, wadda ta Ethiopian ke farawa da 071, ta EgyptAir 077, ta Qatar 157, ta Saudia 065, tare da lambar jirgin da ranar tafiya. Wani lokaci sai an ga hoton katin shiga jirgi, musamman in a jirgin abokin ƙawance ka tafi, saboda haka kada a yar da shi a filin jirgi. Akwai wa'adi, galibi wata shida. Jiragen jigilar alhazai na hukuma da yawancin tikitocin rukuni da kamfanonin Umara ke saya a dunƙule ba sa ba da maki, kada a wahalar da kai a kansu.

Yanzu ga kashewar. Kalmar "tikitin kyauta" ita ke ruɗar mutane, alhali banza ba ta kai zomo kasuwa. Maki yana biyan asalin kuɗin kujera ne kawai. Haraji da kuɗaɗen filin jirgi suna nan a wuyanka, kuma na Najeriya masu nauyi ne: kuɗin hidimar fasinja kaɗai na mai fita wajen Afirka ta Yamma dala 100 ne tun 2020, ban da kuɗin tsaro, ban da na ƙasar da za ka ya da zango da wadda za ka sauka. A kan waɗannan wasu kamfanoni kan ɗora ƙarin kuɗin mai, wanda a jerin farashi ake rubuta shi YQ ko YR. Shi ne kan kumbura lissafin. Kafin ka danna amincewa ka buɗe bayanin farashin ka ga nawa ne shi.

Ga yadda ake gane ko cinikin ya yi. Ɗauki farashin tikitin da kuɗi, cire abin da za ka biya ko da ka yi amfani da maki, sannan ka raba ragowar da adadin makin. Bari mu ƙaddara alƙaluma don misali. Tikitin ikonomi dala 900 ne, da maki kuma ana neman 60,000 da dala 300. Abin da makin ya rage maka dala 600 ne, wato santi ɗaya (kashi ɗaya cikin ɗari na dala) kowane maki. Kujerar bizines a jirgin nan dala 3,000 ce, da maki ana neman 120,000 da dala 400. An rage maka dala 2,600, sama da santi biyu kowane maki. Haraji kusan ɗaya ne a ajin biyu, farashin kujerar ne ya ninka sau uku, shi ya sa maki ya fi daraja a gaban jirgi. Sai dai a faɗi gaskiya: wanda da ma ba zai taɓa cire dala 3,000 ya sayi kujera ba, ba dala 2,600 ya adana ba, hutu ya saya. A tafiyar awa goma daga Addis zuwa Guangzhou, ga dattijo mai ciwon baya, hutun nan ya cancanci makin.

Ɗaga kujera daga ikonomi zuwa bizines da maki shi ma ciniki ne mai kyau, amma tikitin rangwame mafi arha yawanci ba ya karɓar ɗagawa. Nan ma harafin nan ne ke yanke hukunci.

Samun kujerar shi ne babban aiki. Jirgi na iya zama rabinsa ba kowa amma a ce babu kujerar maki, domin kamfani yana ware 'yan kaɗan ne a kowane tashi, sauran na masu kuɗi a hannu. Ana buɗe su kimanin wata goma sha ɗaya kafin ranar tafiya, wasu kuma kan sake fitowa 'yan kwanaki kafin tashi in kamfanin ya ga ba za su sayu ba. Lokutan da mutanen Kano suka fi bukata su ne mafi wuya: goman ƙarshe na azumi zuwa Jidda da Madina, lokacin baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou a Afrilu da Oktoba, da ƙarshen Disamba. Wanda ya ƙudurta Umarar azumi da maki shi da iyalinsa mutum biyar, ya fara nema tun bayan ƙaramar salla, kuma ya shirya rabuwa jirgi biyu ko biyan wasu da kuɗi. Ka riƙa nema hanya ɗaya-ɗaya, zuwa daban dawowa daban, kana matsar da rana gaba ko baya. In babu daga Kano, gwada Abuja, amma ka lissafa kuɗin zuwa Abujar, ka kuma bar rata mai faɗi, ko ka kwana can. Tikiti biyu ne daban, in jirgin gida ya makara ba ruwan na waje da kai.

Tsakanin ShebaMiles na Ethiopian da Privilege Club na Qatar, ShebaMiles ya fi sauƙin tarawa ga Bakano. Hanyoyin Ethiopian sun dace da inda muke zuwa, Guangzhou, Dubai, Mumbai, Delhi, Jidda, ga makin EgyptAir da Turkish na shigowa ciki. Wanda yawan tafiya ya kai shi matakin Gold yana samun ƙarin jaka da shiga ɗakin hutu a jiragen ƙawancen, kuma ga mai ɗauko kaya ƙarin jakar nan a kowace tafiya na iya fin tikitin makin amfani. Raunin tsarin yana wajen neman kujera a jiragen abokan ƙawance, inda sau da yawa sai an haɗa da waya ko zuwa ofis.

Qatar ta fara zuwa Kano a Maris 2022, a watan da ta mayar da makinta Avios, irin wanda British Airways ke amfani da shi. Ana iya haɗa asusun biyu a riƙa tura maki tsakaninsu ba ragi, abin da zai amfani mai ɗa ko 'ya da ke karatu a Ingila. Manhajarta ta fi sauƙin bincike, tana nuna ranakun da ke da kujera, ana iya biyan wani ɓangare da maki wani da kuɗi, kuma makin ba ya mutuwa matuƙar an sami shiga ko fita a asusun cikin wata 36. Sai dai a duba sosai, don a rana ɗaya ana iya ganin kujera a farashin maki na asali da wata a kusan ninkinsa. Ta biyun da wuya ta zama riba. Alfursan kuwa na wanda zirga-zirgarsa kusan duk ta Saudiyya ce.

Kada a yi wa maki ajiyar shekaru. Kamar naira yake a ƙarƙashin katifa, kamfani na iya ƙara adadin da ake nema a kan hanya ba tare da dogon gargaɗi ba, sai abin da ya isa tikiti bara ya kasa bana. Da zarar ya kai na tafiyar da kake da niyya, ka kashe.

Akwai masu tallar tikitin bizines da rabin farashi a WhatsApp, suna cewa da maki za su saya maka. Dokokin kamfanonin sun yarda ka fitar wa matarka ko mahaifinka tikiti daga asusunka, amma sun hana sayar da maki. Wasu daga cikin makin nan ma daga asusun da aka yi wa kutse ake kwaso su. In mai asusun ya kai ƙara, kamfani zai soke tikitin, kuma yana iya faruwa kana Guangzhou da kaya a hannu, saura dawowa.

Wajen biyan harajin a intanet ma ana samun cikas. Katin naira yana da iyakar abin da zai biya a waje, kuma iyakar ta bambanta daga banki zuwa banki. Ka tabbatar da ita kafin ka fara, ko ka tanadi katin asusun dala, don kujerar da ka gani ba za ta jira ka je banki ka dawo ba. Bayan biya, kada ka wadatu da lambar ajiyar kujera mai haruffa shida. Duba ko lambar tikiti mai alƙaluma 13 ta fito a imel. In ba ta fito ba cikin 'yan awanni, ba a fitar da tikitin ba tukuna, sai ka kira kamfanin a ranar.