Peugeot 504 ko BMW E30: wadda zan ce ka saya

Wa alaikumus salam ƙanena. A cikin biyun da ka ambata, Peugeot 504 da BMW E30, don yawon cikin gari da kuma shiga filin tsere ranar hutu, ni dai Fijo zan ce ka ɗauka. Duka biyun sun kwana a ƙofar gidana, ba labari aka ba ni ba.

Tawa 504 ɗin ta mahaifinmu ce, Allah ya jiƙansa, ƙirar Kaduna. Bayan rasuwarsa ta yi shekaru a ajiye a ƙarƙashin darbejiya, tayoyi sun sace, ɓeraye sun ci kujerar baya, har 'yan gwangwan suka fara zuwa taya ta. Ranar da na kai mata tsohon makanikensa, wani dattijo da hannunsa ya saba da Fijo tun yana yaron gareji, bai yi wata doguwar magana ba. Ya zuba baƙin mai sabo, ya wanke kafireta, ya goge filogi, muka ɗauro batir. A bugu na uku ta tashi. Na tsaya ina jin ƙarar da na saba ji tun ina firamare idan Baba ya dawo daga kasuwa, sai da na juya baya na share ido. Yau shekara tara ke nan, ita ce ke kai yara makaranta, ita ce kuma nake shiga fili da ita, ba ta taɓa kwana a hanya ba.

Ba ƙauna kaɗai ke sa ni faɗin haka ba. Dubi inda za ka yi gudun. Filayen da muke samu a killace a nan galibi jar ƙasa ce da tsakuwa da ramuka, ba shimfiɗaɗɗiyar kwalta irin ta Turai ba. To 504 a kan irin wannan ƙasar ta yi suna. A Faransa aka fara fito da ita a 1968, amma a Afirka ta nuna kanta: ita ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975 a hannun Ove Andersson, gasar da ake karya motoci a cikinta kamar kara. A wannan shekarar ce kuma masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci, aka ci gaba da yin 504 a can har wajen 2006. Ma'anar wannan a wurinka ita ce, duk abin da ka karya ranar Lahadi, ranar Litinin da hantsi za ka same shi a kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa a nan Kano, sabo ko na hannu, kuma akwai wanda ya iya ɗaura shi a kusan kowace unguwa. Motar tsere kuwa dole ka karya mata wani abu, ko ba daɗe ko ba jima.

Injinta mai silinda huɗu ne, kusan lita 2, ƙarfinsa bai kai doki 100 ba a mai kafireta. Na san za ka ce ya yi kaɗan. Amma sarƙa ce ke daidaita masa lokacin buɗewa da rufewar bawuloli, ba bel ba, babu kwamfuta, babu wata na'urar da za ta ɗauke maka wuta a tsakiyar Kabuga. Tayoyin baya ne ke ja, cikinta a ɗage yake daga ƙasa, ga doguwar tafiyar shokozoba da ke shanye rami. Wanda zai fara koyon riƙe mota a kwana, irin wannan ce ke koya masa hannu ba tare da ta jefa shi cikin katanga ba.

E30 kuwa, ba zan ci haƙƙinta ba, a kan lafiyayyar kwalta samfurinta 325i mai silinda shida za ta wuce Fijo ta bar mata ƙura. Amma tawa bel ɗin lokaci ya tsinke mata, bawuloli suka lanƙwashe, ta shafe wata biyar a gareji ana jiran kaya daga Legas, ƙarshe na sayar da ita da asara. Iyakar abin da zan ce a kanta ke nan.

Idan ka sayi Fijon, don Allah kada ka fara da inji. Kowa da ƙarin ƙarfi yake so ya fara, kuma a nan ake zubar da kuɗi. Fara da sanyaya. Ka san zafin Kano a watan Afrilu, ga cunkoson Kantin Kwari, sannan ka je ka matsa mata a fili. Kan injin nan na alminiyam ne, idan ya yi zafi sau ɗaya mai tsanani sai gasket ta ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Na sa an yi mini sabon lagireto mai layi uku, na ƙara fanka ta lantarki a gaba, na canza duk robobin ruwa. Kuma na daina zuba mata ruwan rijiya ko na burtsatse, domin shi ke toshe lagireto da tsatsa da farin gishiri. Ruwan sanyaya inji na galan nake sa mata. Makanikai da yawa za su ce a cire tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan inji ya yi zafi, a jefar, wai ƙasarmu da zafi. Ni ban yarda ba, sabo na sa, kuma allurar zafi ba ta taɓa wuce tsakiya ba.

Daga nan sai birki. Sabon takalmin birki mai kyau, sababbin tiyo, a zubar da tsohon man birkin gaba ɗaya a sa irin wanda ake kira DOT 4, kuma a riƙa sauya shi duk shekara, saboda man birki yana shan danshi, idan ya tsufa sai ya tafasa a zagaye na uku ka ji ƙafarka ta tafi har ƙasa. Wannan ya taɓa faruwa da ni sau ɗaya, Allah ya kiyaye babu kowa a gabana. Ka leƙa ƙarƙashinta ma kafin ka saya, wasu suna da birkin faifai a baya, wasu na ganga ne. Mai faifai ta fi jure zafi.

Sai ƙafafu: sabon shokozoba, sababbin robobi, a daidaita tayoyi. Kada ka bari wani ya yanke maka sifirin don motar ta kwanta ƙasa ta yi kyau a hoto, farkon tudun rage gudu da ka hau a titin Zoo zai fasa maka kaskon mai. Abu ɗaya da zai ba ka wahala shi ne wili, domin tazarar ramukan ƙusarta huɗu daban take da ta yawancin motoci, ba kowane ke shiga ba. Na Fijo za ka nema. Giya kuma na ɗauko mai biyar daga Fijo 505 na sa a madadin mai huɗu, a hanyar Zariya inji ya huta, mai ma ya ragu. Lokacin hunturu ina buɗe matatar iska duk mako, ƙurar nan ita ke cinye ring ɗin fistan na inji a hankali. Hular kwano, bel mai kyau da tukunyar kashe gobara a ɗaure kusa da kujera, waɗannan kafin ka taka fili ko sau ɗaya. Gudun kuma a fili kawai, ba a titin BUK ba, ba a rakiyar amarya ba. Mun binne yara a garin nan saboda wasan mota, ba na son in ji sunanka a ciki.

Ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa maka, ka yi hankali da wasu dillalai. Tun da matasa suka fara son tsofaffin motoci, sai a ɗauko wadda ta yi shekara ashirin tana jigilar fasinja, a cike ruɓaɓɓen jiki da fila, a fesa fenti mai ƙyalli, a ce maka ta wani alhaji ce da ba ya fita da ita sai Juma'a. Tafi da maganaɗisu a aljihu, ka bi ƙasan ƙofofi da bakin tayoyi da shi, duk inda ya ƙi kamawa fila ce. Ɗaga kafet ka ga ƙasan motar da idonka, ka buɗe but ka duba ƙasansa. Ka je da sassafe ba tare da ka sanar ba, ka taɓa inji ka ji da sanyi, domin sukan ɗumama ta kafin ka iso, su zuba mai mai kauri don ya ɓoye hayaƙi da ƙarar inji. Buɗe murfin baƙin mai, idan ka ga kumfa kamar madara, juya ka tafi. Lambar inji da ta jiki su yi daidai da na takarda, in ba haka ba kai da jami'an hanya ne kullum. Tayoyi kuma ka karanta lambobi huɗun da ke gefe, biyun farko makon da aka ƙera tayar ne, biyun ƙarshe shekarar. Ana goge tsohuwar taya da mai a sayar maka a matsayin sabuwa.

Ka nemi salun, ba doguwar ba, ba a-kori-kura ba, mai lafiyayyen jiki ko da injinta ya gaji, domin inji kwana uku ne a gareji, ruɓaɓɓen jiki kuwa ba ya warkewa. Idan ka samu wadda ta kwanta maka, kada ka ba da ko sisi na kafin alƙalami. Yi mini magana, ranar Asabar sai in ɗauko dattijon nan mu je mu duba ta tare.