Gargaɗi ga masu kiwon murjani: ana sayar da garin alli da sunan kalsiyam

Assalamu alaikum. Wannan gargaɗi ne ga 'yan uwa masu ajiye kifin teku da murjani mai rai a tankin gilashi, domin duk da ƙarancinmu 'yan damfara sun gano mu. Akwai wani mai talla a Facebook da WhatsApp da yake sayar da farin gari a cikin robobi masu ɗauke da tambarin jabu na wani kamfanin waje, yana cewa cokali ɗaya a mako zai daidaita kalsiyam da alkaliniti (wato yawan kabonet da bikabonet da ke cikin ruwa) gaba ɗaya, har mutum ya huta da awon ruwa. Na tura masa kuɗi kafin a kawo kaya kamar yadda ya nema, kuma sai da murjanina biyu masu rassa suka mutu kafin na farga.

Murjani mai tauri yana gina ƙashinsa ne da kalsiyam da kabonet da yake zuƙa daga ruwa, saboda haka kullum su biyun raguwa suke yi a tanki. Ruwan teku yana da kalsiyam kusan 420 ppm (wato kashi 420 cikin miliyan) da alkaliniti kusan 7 dKH (ma'aunin alkaliniti ke nan), masu kiwo kuma sukan riƙe kalsiyam tsakanin 380 da 450, alkaliniti tsakanin 7 da 11. Duk lokacin da murjani ya cinye 20 ppm na kalsiyam, alkaliniti yakan sauka da kusan 2.8 dKH, shi ya sa alkaliniti ne yake fara faɗuwa tun awon kalsiyam bai nuna wata matsala ba. Wanda ya ce maka ka daina awo ya raba ka da abin da zai tona masa asiri ne.

Abin da mai tallan ya aiko mini garin alli ne, wato kalsiyam kabonet, irin abin da ƙashin murjanin kansa yake da shi, kuma ba ya narkewa a ruwan teku mai pH (ma'aunin tsamin ruwa) kusan 8. Sai dai ya gurɓata ruwan na ɗan lokaci, sannan ya kwanta a kan yashi. Gane shi ba wuya: a zuba cokali ɗaya a kofin ruwa mai tsabta a motsa. Kalsiyam kulorayid na gaskiya, wanda ake ƙara wa tanki kalsiyam da shi, yana narkewa tas, ruwan har ya ɗan ɗumama, alli kuwa yakan kwanta a gindin kofi. Dalilin da ya sa ake zuba kalsiyam kulorayid da sodiyam bikabonet (wanda ake ɗaga alkaliniti da shi) daban-daban, da tazara a tsakaninsu, shi ne idan suka haɗu da kauri wannan allin suke komawa.

Da na yi wa mai tallan magana ya ce gishirin da nake haɗa ruwan tankina da shi ne ba shi da kyau, washegari kuma ya toshe lambata.

Wanda ya riga ya saya ya daina zubawa, ya auna alkaliniti yau da abin awo da bai wuce wa'adinsa ba. Idan ya same shi ƙasa, kada ya yi gaggawar mayar da shi a rana ɗaya, domin tashin alkaliniti farat ɗaya yana cutar da murjani kamar faɗuwarsa. Ƙarin 1 dKH a rana ya wadatar. Ya kuma adana shaidar tura kuɗi da hotunan hirarsu, ya kai wa bankinsa ƙorafi a kan asusun da ya karɓi kuɗin.